Babban Gwani, Maginin Masallacin Zariya

Tun ina ƙarami nake jin sunan Babban Gwani, amma na ɗauka sunan unguwa ne kawai a birnin Zariya. Sai da kakana ya kai ni Masallacin Juma'a na ƙofar fada, ya ce in ɗaga kai in duba, sannan na san ashe mutum ne.

Sunansa Malam Mika'ilu. Ya yi zamani da Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, shi ne kuma ya sa shi gina masallacin. An ce Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya ba shi sarautar Babban Gwani, wato shugaban magina.

Ba siminti, ba ƙarfe. Da tubalin ƙasa da azarar giginya ya yi aikinsa, don gara ba ta cika cin azara ba. To, azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki. Sai ya riƙa ɗora guntayenta, kowace ta ɗan zarce ta ƙasa, ana ɗaurewa ana yaɓe da ƙasa, daga wannan ginshiƙi da wancan, har su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo, a kansa rufin ya zauna. Ginshiƙan kuwa duk ya yi musu zane mai zurfi. Ya kuma haɗa masallacin da ɗakin shari'a da wuraren alwala.

Tsofaffi suna cewa da dare yake gini. Suna kuma cewa bayan ya gina wani masallaci a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Ni dai wannan labari ya fi mini kama da yabo, irin wanda akan yi wa gwanin da ya gagara.

Wajen 1975 aka lulluɓe gininsa da na siminti. An kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. Ran 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na rufin ya rufta, mutane suka rasu. Allah ya jiƙansu. Da labarin ya iso mana, sai na tuna wancan ɗaga kai da na yi, na kuma ji haushin ban tsaya na ƙirga bakan gizon ba.