Mungo Park: Likitan Da Tafiyarsa Ta Ƙare Tsakanin Yawuri Da Busa

Duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya taɓa jin cewa Mungo Park ne ya gano Kogin Kwara, maganar da Gungawa da Shangawa da Sarkawa za su yi wa dariya, domin kakanninsu sun daɗe suna su a cikinsa kafin a haife shi.

An haifi Park a shekarar 1771 kusa da garin Selkirk na ƙasar Sikotland. Ya koyi aikin likita a hannun Thomas Anderson, ya ƙaro ilimi a Edinbara. A 1796 ya isa bakin kogin a Segu, cikin Mali ta yau, kuma littafin da ya wallafa a 1799 ya sa sunansa ya cika Turai. A shekarar ce ya auri Allison, 'yar maigidansa, ya zauna yana duba marasa lafiya. Zaman bai karɓe shi ba.

A 1805 gwamnatin Birtaniya ta sake tura shi ya bi kogin har inda ya ƙare, shi kuwa zatonsa Kwara da Kongo ruwa ɗaya ne. Turawa kusan 40 suka taso daga Gambiya, damina ta rutsa da su, 11 kacal suka ga kogin. Ɗan'uwan matarsa, Alexander, ya rasu a Sansanding. Daga nan Park ya rubuta wa Allison wasiƙar ƙarshe a watan Nuwamba, ya shiga jirgin da ya raɗa wa suna Joliba.

Ya kan auna inda yake ta hanyar duban rana da taurari, amma a kundinsa ya ba watan Afrilu kwana 31. Kwana ɗayan nan ya gurɓata lissafinsa, sai bayan shekaru masu bincike suka gano kuskuren suka gyara. Mafi muni shi ne halin da ya ɗauka a kan ruwa: ya ƙi tsayawa ya gaida sarakuna, kuma ya riƙa buɗe wuta kan kwalekwalen da suka matso. Baƙon da ya yi haka bai bar wa kansa mai ceto ba.

A Yawuri ɗan jagorarsa, Amadi Fatuma, ya sauka. Shi ne daga baya ya ba da labarin cewa kyautar da Park ya aika wa sarki ba ta isa hannunsa ba. A farkon 1806 jirgin ya maƙale a duwatsun Busa, aka far masa, Park ya faɗa ruwa ya nitse.

Neman takardunsa ya zama wata tafiyar daban. Ɗansa Thomas ya biyo sawu a 1827, ya mutu a ƙasar da yau ake kira Ghana. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka shafe makonni a Birnin Yawuri suna roƙon kundin, ba su samu ba. Abin da aka nuna musu a Busa littafin jadawalin lissafi ne na matuƙan jirgi, da takardar kuɗin tela da ta gayyatar cin abinci a cikinsa. Allison ta rasu a 1840 tana kyautata zaton mijinta na raye. Tsohuwar Busa kuwa Tafkin Kainji ya haɗiye ta da aka gama madatsar ruwa a 1968.