Fada Arizmendi: Firist Ɗin da Ya Mai da Ma'aikata Masu Masana'anta

Duk wanda ya san Gagarawa Tasha ko Gumel ko Maigatari ya san wannan al'amari. Mai injin niƙa ko mai shagon walda yakan tsufa, 'ya'yansa sun tafi birni, ran da ya rasu sai a sayar da kayan aiki, yaran shago su watse. Ga tarihin wani firist da ya nuna cewa waɗanda suka yi wa sana'a gumi suna iya mallakarta tare.

An haifi José María Arizmendiarrieta, wanda ake taƙaita sunansa da Arizmendi, ran 22 ga Afrilu 1915 a ƙauyen Barinaga, cikin yankin Bask na arewacin Sifen. Shi ne ɗan fari a gidan manoma. Tun yana ƙarami ya rasa ido ɗaya a wani haɗari. Yana da shekara 12 ya shiga makarantar horar da firistoci. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1936, ya yi aiki a wata jarida ta harshen Bask. Sojojin Janar Franko sun kama shi a 1937, daga baya aka sake shi. An naɗa shi firist a Disamba 1940.

Burinsa shi ne ya ƙaro ilmi a Beljiyam, amma Bishop ya tura shi garin Mondragon a Fabrairu 1941. Ya tarar da yunwa da rashin aiki da gabar da yaƙi ya bari. Ba gwanin wa'azi ba ne, muryarsa ƙasa-ƙasa take, maganarsa da wuyar bi. Sai ya mai da hankali ga matasa. Yana karanta musu koyarwar Ikilisiya a kan aiki da ma'aikaci, musamman wasiƙar Paparoma Liyo na 13 ta 1891 da ta Paparoma Piyus na 11 ta 1931, wadda ta ba da shawarar a sa ma'aikata cikin mallaka da riba.

Babbar masana'antar garin, Unión Cerrajera, mai ƙera makullai, tana da makarantar koyon sana'a, amma kusan 'ya'yan ma'aikatanta kaɗai take ɗauka. Fada ya roƙi a buɗe ta ga kowa, aka ƙi. Sai ya sa aka ajiye akwatuna a bakin tituna domin mutane su rubuta gudummawar da za su iya bayarwa. Da haka aka buɗe makarantar sana'a a 1943 da ɗalibai 20.

Wasu daga cikin ɗalibansa sun zama ƙwararru a wannan masana'anta. Sun nemi a bar ma'aikata su sayi hannun jari, masu ita suka ƙi. Saboda haka a 1955 mutum biyar suka fita. A lokacin ba a kafa masana'anta sai da lasisin gwamnati, mai wuyar samu, don haka suka sayi wani ƙaramin kamfanin ƙera risho a birnin Vitoria tare da lasisinsa. Jama'ar gari suka ranta musu kuɗi. A 1956 suka dawo da shi Mondragon da sunan Ulgor, daga haruffan sunayensu.

Ƙa'idar da Fada ya tsara mai sauƙi ce. Kowane ma'aikaci zai zuba jari ya zama mamba. Kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, ko manaja ko mai shara. Mambobi ke zaɓen shugabanni. Albashi mafi girma ba zai wuce ninki uku na mafi ƙanƙanta ba. Daga riba ana ware kaso don ajiya, wani don hidimar al'umma, saura a rubuta wa kowane mamba a asusunsa.

Fada ya hango cewa ƙungiyar gama-kai da ba ta da tushen jari ba za ta daɗe ba. A 1959 ya matsa aka kafa banki, Caja Laboral, ko da yake almajiransa sun yi shakka da farko. Bankin yana tara ajiyar talakawa, ya ranta wa sababbin ƙungiyoyi, ya kuma koya musu lissafi da tsari. Wasu kamfanonin iyali ma sun bi wannan hanya. Irizar, wanda aka kafa a 1889, mai ƙera bodin manyan motocin safa, ya koma mallakar ma'aikatansa a 1963.

Tafiyar ba ta rasa tuntuɓe ba. A 1974 an yi yajin aiki a Ulgor kan tsarin albashi, aka kori wasu. A 2013 kamfanin Fagor na kayan lantarkin gida, magajin Ulgor, ya karye, sai dai 'yan'uwan ƙungiyoyi sun karɓi yawancin mambobinsa. Duk da haka a 2023 ƙungiyoyin Mondragon suna da ma'aikata kimanin 70,000.

Shi kuwa Fada bai taɓa zama manaja ba, bai tara dukiya ba. Da keke yake yawo, kuma har ƙarshe mataimakin firist ne a majami'ar Yohanna Mai Baftisma. Ya rasu ran 29 ga Nuwamba 1976 bayan fama da ciwon zuciya. A Disamba 2015 Paparoma Faransis ya tabbatar da nagartar rayuwarsa, mataki ne a hanyar shaida shi waliyyi.

Mu lura da jerin matakansa: ilmi tukuna, sannan mallaka, sannan asusu. Shekara 13 ke tsakanin makarantarsa da masana'antar farko. Mu da muka saba da adashi da aikin gayya, tushen yana wurinmu. Maigida da ƙarfinsa ya fara raguwa yana iya zama da yaransa tun yanzu, a yi wa kaya kuɗi, su biya shi kaɗan-kaɗan, a rubuta ƙa'ida, a yi rajista a ofishin ƙungiyoyin gama-kai. Shi ya sami abin tsufa, su kuma sana'a ta zauna a hannunsu. Allah ya jiƙan bawansa, ya ba mu zuciyar riƙon amana. Amin.