Euler, malami mai zanen da'ira

An haifi Leonhard Euler a birnin Bal, ƙasar Suwis, a shekarar 1707. Babban masanin lissafi ne.

Daga 1760 zuwa 1762 ya riƙa aika wa wata gimbiya ta Jamus wasiƙu da faransanci, yana koyar da ita. Da suka zo ga darasin tunani, sai ya zana mata da'irori.

Ku gwada a allo. Ƙaramar da'ira ta awaki ce, tana cikin babbar da'ira ta dabbobi. Ido kaɗai ya nuna muku: kowace akuya dabba ce, amma ba kowace dabba ce akuya ba.

Da tsufa Euler ya makance, bai bar aiki ba. Yana faɗa, ɗansa na rubutawa. Ya rasu a Rasha a 1783.