Tunawa da Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun

'Yan uwa mata da iyalanmu, a wannan fitowa ta cikar shekara mun ga ya dace mu tuna da wani dattijo na ƙasarmu, wanda ya riƙe sana'ar gidansu har ta kai sunan Maradun inda ƙafar da yawa daga cikinmu ba ta taɓa takawa ba.

An haifi Musa a garin Bakura a shekarar 1909. Mahaifiyarsa 'yar Bakura ce, mahaifinsa kuwa Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne na Ƙaya, cikin ƙasar Maradun. Kiɗa gado ne a gidan. A wancan zamani, in an kira gayya, makaɗi kan bi manoma kunya-kunya da ganga, yana zuga gwanaye, yana yi wa raggaye zambo, har a gama gona kafin rana ta yi zafi. Ladansa sau da yawa damin gero ne ko na dawa in kaka ta yi. Cikin wanga aiki Musa ya buɗe ido.

Tun yana yaro yake bin mahaifinsa yana amshi. Akwai wani mai zaƙin murya cikin yaran gidan da ake kira Ƙwairo, to da anka ji muryar yaron ta yi kama da tasa, sai aka laƙaba masa Ɗanƙwairo. Sunan ya bi shi har kabari.

Abin lura a nan, bai yi gaggawar zama shugaba ba. Bayan mahaifinsu, yayansa Abdu Kurna ne ya ja ragamar kiɗan gidan, shi kuwa Musa ya daɗe yana bayansa, yana karɓa masa waƙa, yana koyon yadda ake shiga fada da yadda ake magana gaban manya. Sai da ya ƙoshi da sani sannan ya tsaya da ƙafarsa.

Daga kiɗan noma ya koma kiɗan sarauta da kotso. Ya zauna da 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu, ya yi wa Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, waƙoƙin da sunka game ƙasa, ya kuma waƙe sarakuna da dama, har da Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar. Rediyon Kaduna da na Rima sun kai muryarsa kowane lungu, kaset ɗinsa kuma a wancan lokaci ba a rasa shi a kasuwa. Duk da haka, ko'ina ya je, da Maradun ake kiransa.

Masana waƙa sun shaide shi da tsarin amshi. Shi ya ɗauko, yaransa su karɓe, wani ya ƙara, wani ya cike, babu mai taka wani. Da ɗaya ya kauce, da waƙar ta ɓaci. Mafi yawan masu amshin nan kuwa 'ya'yansa ne da dangi, waɗanda ya horar kamar yadda anka horar da shi. Mu da ke haɗa kuɗi da hannu wuri ɗaya mun san nauyin wannan.

Allah ya yi masa rasuwa a 1991, yana da shekara tamanin da 'yan kai, shekara biyar kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996.

Yau da yawa cikin 'ya'yanmu kunyar sana'ar gida suke ji. Ɗan maƙeri ba ya son zuga-zugi, ɗiyar mai ƙuli-ƙuli ba ta son a gan ta gaban kasko. Iyaye mata, gyaran wannan a hannunmu yake, tunda a ɗakinmu yaro ke fara jin ana yaba sana'a ko ana raina ta. Mu zaunar da su kusa da mu lokacin aiki, mu koya masu da haƙuri, boko da sana'a ba su hana juna.

Allah ya jiƙan Alhaji Musa, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa albarka ga zuriyarsa da tamu baki ɗaya. Amin.