Tarihin Joseph Ayo Babalola: Direban injin titi da wa'azinsa ya girgiza ƙasar Yarabawa

Duk wanda ya zaga Sabon Garin Kano, ko na Zariya, ko unguwannin Yarabawa a Kaduna da Jos, da wuya bai taɓa ganin allon wata majami'a mai suna Christ Apostolic Church ba, wadda aka fi sani da CAC. Tana daga cikin tsofaffin cocin Fentikos da 'yan Afirka suka kafa da kansu, kuma sunan da ba a raba shi da tarihinta shi ne Joseph Ayo Babalola, mutumin da ya fara neman abinci da tuƙa injin daɓe titi, ya ƙare a matsayin mai wa'azin da ya fi kowa tara jama'a a Najeriya a zamaninsa.

Rayuwarsa ta taɓo tambayar da har yau ake ja-in-ja a kanta a yankinmu: idan ciwo ya zo, ina iyakar addu'a, kuma ina magani ya fara?

Haihuwa da tasowa

An haifi Babalola ranar 25 ga Afrilun 1904 a Odo-Owa, kusa da Ilofa, a ƙaramar hukumar Oke-Ero ta jihar Kwara a yau. A zamanin Turawa yankin yana ƙarƙashin Lardin Ilori ne, wato a taswirar wancan lokaci ɗan Arewa ne, ko da yake Bayarabe ne gaba da baya.

Iyayensa, David da Martha, mabiya ɗarikar Anglikan ne, a cikinta kuma ya taso. Ya yi karatun firamare a Osogbo, bai wuce nan ba, sai ya koma koyon ƙira da kanikanci. Wannan sana'a ce ta kai shi ga samun aiki a Ma'aikatar Ayyuka ta gwamnatin mulkin mallaka, PWD, inda aka danƙa masa injin da ke danne tsakuwa a aikin hanya.

Annobar da ta share masa fage

Kafin a san da Babalola, akwai wata ƙungiya da ta riga shi. A 1918 annobar mura ta mamaye duniya, ta kashe miliyoyin mutane. Ita ce tsofaffi a ƙasar Hausa suke kira Marisuwa. A kudancin Najeriya hukuma ta rufe wuraren taruwar jama'a, har da majami'u, maganin Bature kuma bai tsinana komai ba.

A Ijebu-Ode, wasu 'yan cocin Anglikan ƙarƙashin wani maƙerin zinariya, Joseph Sadare, tare da wata malamar makaranta, Sophia Odunlami, suka kafa ƙungiyar addu'a. Suka riƙe cewa addu'a kaɗai ta isa ta warkar da mara lafiya. Irin waɗannan ƙungiyoyi ne Yarabawa suka laƙaba wa suna Aladura, ma'ana masu addu'a.

A 1922 ƙungiyar ta raba gari da Anglikan, musamman kan batun yi wa jarirai baftisma. Ta hannun David Odubanjo, wani akawu a Legas, suka ƙulla alaƙa ta wasiƙa da wata majami'a a birnin Filadelfiya na Amurka mai suna Faith Tabernacle, wadda ta haramta wa mabiyanta shan kowane irin magani. Suka ɗauki sunanta.

Akasarin mabiyan farko akawuna ne da 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa, mutanen da aiki ke yawo da su. Shi ya sa tun shekarun 1920 aka sami ƙananan rassa a Legas da Ibadan da Ilesa, har zuwa Minna da Jos da Zariya. Amma duk da haka ƙungiya ce ta 'yan tsiraru masu boko. Ba ta da mai jan talakawa.

Ranar da injin ya tsaya

A watan Oktoban 1928, Babalola yana aikin hanyar Akure zuwa Ilesa, kusa da ƙauyen Ikeji-Arakeji, sai injinsa ya mutu ya ƙi tashi. Bisa labarin da shi da mabiyansa suka bayar, a nan ne ya ji murya ta kira sunansa, ta umarce shi da ya ajiye aikin ya tafi wa'azi. Ya ajiye, yana ɗan shekara 24, a lokacin da aikin gwamnati mai albashi ba ƙaramar gata ba ce.

Ya koma garinsu yana yawo da ƙararrawa, yana kiran mutane su tuba su watsar da tsafi, yana kuma gargaɗin cewa masifa na tafe. Mutanen gari suka ɗauke shi taɓaɓɓe. Ba a jima ba cutar agana ta ɓarke a yankin, sai wasu suka fara kallonsa da wani ido daban.

Shugabannin Anglikan ba su lamunci salonsa na wahayi da warkarwa ba, don haka zama ya gagara. Ya sadu da mutanen Faith Tabernacle, Odubanjo ya karɓe shi, aka yi masa baftisma a Legas a ƙarshen 1929. Ƙungiyar da ke neman mai jan jama'a ta samu, shi kuma da ke neman inuwa ya samu.

Farkawar Oke-Oye ta 1930

A watan Yulin 1930 shugabannin Faith Tabernacle suka taru a unguwar Oke-Oye da ke Ilesa domin warware wasu matsaloli biyu da suka dame su: matsayin masu mata fiye da ɗaya, da kuma batun shan magani. Babalola ya halarci taron a matsayin baƙo.

Mabiyansa sun ce ana cikin taron ne aka zo wucewa da gawar wani yaro, ya yi addu'a yaron ya tashi. Wannan labari shi ne ginshiƙin tarihin CAC, kuma ko mutum ya gaskata ko bai gaskata ba, abin da ya biyo baya yana cikin rahotannin jami'an mulkin mallaka da na 'yan mishan: cikin 'yan makonni dubban mutane suka yi ta kwarara Ilesa daga Ekiti da Ondo da Ibadan da Ilori, wasu a ƙafa, wasu a kan akori-kura.

Salonsa ba shi da wuyar fahimta. Littafi Mai Tsarki da ƙararrawa a hannu, doguwar addu'a da azumi, sai ruwan da jama'a ke kawowa a kwalabe da tuluna ya yi masa addu'a su sha ko su yi wanka. Sharaɗinsa shi ne mutum ya kawo layu da guraye da gumakan gidansu a ƙona, ya kuma daina dogaro da magani, na boka ne ko na asibiti. An ruwaito cewa har marasa lafiya sun riƙa barin gadajensu a asibitin mishan na Wesley Guild da ke Ilesa suna tafiya wurinsa.

Masana tarihi suna danganta girman wannan farkawa da halin da ake ciki a lokacin. Tattalin arzikin duniya ya durƙushe tun 1929, farashin koko ya faɗi a Kudu kamar yadda na gyaɗa ya faɗi a Arewa, ga haraji, ga cututtuka, ga ƙarancin asibitoci. Talaka na neman mafita, sai ga mai magana da harshensa, wanda bai ce masa maita da sammu tatsuniya ba ne, ya ce masa akwai ƙarfin da ya fi su.

Wani abin lura shi ne, Faith Tabernacle ba ta da isassun malamai da za su riƙe wannan taro. Saboda haka da yawa daga cikin waɗanda suka bar addinin gargajiya a hannun Babalola, cocin Anglikan da Methodist suka ƙarasa shiga.

Daga Ilesa ya zarce garuruwan Ekiti, ya yada zango a Efon-Alaaye, inda sarkin garin ya karɓe shi hannu bibbiyu. Garin ne ya zama mazauninsa.

Takun-saƙa da Turawa da zaman kurkuku

Taro irin wannan ba ya yi wa gwamnatin mulkin mallaka daɗi. Jami'ai sun ji tsoron kada wa'azin ya rikiɗe ya zama ƙin biyan haraji. Likitocin mishan suna kukan ana hana mutane magani, wasu sarakuna da masu tsafi kuma suna ganin ana rusa musu martaba.

A 1932 aka kama Babalola bisa zargin jifar wasu mutane da maita a Otuo, cikin jihar Edo ta yanzu. Aka yanke masa hukuncin ɗaurin wata shida, ya yi zamansa a kurkukun Benin. Ya fito ya ci gaba daga inda ya tsaya. A 1935 ya auri matarsa Dorcas, a 1936 kuma ya kai wa'azi ƙasar Gold Coast, Ghana ta yau.

Shugabannin ƙungiyar sun riga sun fahimci cewa a ƙarƙashin mulkin Ingila, coci mara Bature a bayanta tana cikin haɗari. Alaƙarsu da Amurkawan Filadelfiya ta riga ta yi tsami, don su ba su yarda da magana da harsuna da sauran alamomin da 'yan Fentikos ke dangantawa da Ruhu Mai Tsarki ba. Sai suka gayyaci The Apostolic Church, wata ɗarikar Fentikos daga Birtaniya. Wakilanta uku, ƙarƙashin D.P. Williams, suka sauka Legas a watan Satumban 1931, aka ƙulla haɗin gwiwa, 'yan Najeriya suka ɗauki sunan ɗarikar.

Ƙwayar maganin da ta raba coci

Zaman bai kai shekara goma ba. Turawan mishan da aka turo sun riƙa shan kwinin domin kare kansu daga zazzaɓin cizon sauro, ciwon da ya yi ajalin Turawa da yawa a Afirka ta Yamma. A wurinsu riga-kafi ne kawai. A wurin Odubanjo da Isaac Akinyele na Ibadan da Babalola, cin amanar aƙida ne. Suna ganin sun raba dubban mutane da maganin gargajiya bisa koyarwar cewa Allah kaɗai ke warkarwa. Idan Bature ya haɗiyi ƙwayarsa, da wane baki za a hana baƙar fata komawa wurin boka?

Bayan batun magani kuma akwai na iko: wa ke riƙe da kuɗi, wa ke naɗa fastoci, wa ke da ta cewa? Tsakanin 1939 da 1940 aka rabu. Wasu, irin su Samuel Adegboyega, suka tsaya tare da Turawa a The Apostolic Church. Ɓangaren su Babalola suka ware.

Sun ɗan yi amfani da sunan United Apostolic Church, sai dai taƙaitaccen sunan ya yi karo da na kamfanin UAC da kowa ya sani. Daga bisani suka tsaya a kan Christ Apostolic Church, aka yi mata rajista a 1943. Akinyele ya zama shugabanta na farko, shi ne kuma ya hau sarautar Olubadan na Ibadan a 1955. Babalola bai nemi kujerar mulki ba, ya tsaya a matsayin babban mai bishara na cocin.

Irin wannan rikici ya faru a Ghana kusan lokaci guda. Wani ɗan mishan, James McKeown, da ya isa ƙasar a 1937, ya kamu da zazzaɓi aka kai shi asibiti, abin da ya ɓata wa mabiyan Peter Anim rai har aka rabu a 1939. Ɓangaren McKeown ne daga baya ya zama Church of Pentecost, ɗaya daga cikin manyan majami'un Ghana a yau.

Wannan tafarki ya sha bamban da yadda Kiristanci ya shigo ƙasar Hausa ta Nijar. 'Yan mishan na SIM, da suka fara zama a Damagaram a 1924 kafin su kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi, da magani suka yi suna: asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 da cibiyar kula da kutare ta Danja. Majami'un Fentikos masu ba da ƙarfi ga addu'ar warkarwa sai daga baya suka bayyana a Nijar, wasu daga Burkina Faso, wasu daga Najeriya.

Ƙarshen rayuwarsa da abin da ya bari

Babalola ya shafe sauran shekarunsa yana yawon wa'azi daga gari zuwa gari, yana kafa rassa, yana keɓe duwatsu domin addu'a da azumi. Al'adar hawa dutse don addu'a, wadda ta zama ruwan dare a majami'un kudu maso yamma, tana da alaƙa mai ƙarfi da shi. Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da sauƙin kai da rashin tara abin duniya.

Ya rasu ranar 26 ga Yulin 1959 a garin Ede, jihar Osun ta yanzu, yana da shekara 55, shekara guda da 'yan watanni kafin Najeriya ta sami 'yancin kai. An binne shi a Efon-Alaaye.

Cocin da ya bari ta buɗe makarantu da gidajen haihuwa, ta bazu a faɗin Najeriya da maƙwabta, har zuwa Ingila da Amurka inda 'yan Najeriya ke zaune. Tsananin da aka yi a kan magani ya sassauta a hankali, yau mabiya da dama suna haɗa addu'a da zuwa asibiti. A 2006 CAC ta buɗe jami'a mai ɗauke da sunansa a Ikeji-Arakeji, wurin da injinsa ya tsaya a 1928.

Masu sukarsa na cewa hana shan magani ya jefa rayuka cikin haɗari, kuma zargin maita ya ɓata wa bayin Allah suna. Magoya bayansa kuwa na kallonsa a matsayin wanda ya nuna cewa ɗan Afirka na iya jagorantar coci ba tare da Bature ya riƙe masa hannu ba. Abin da ɓangarorin biyu ba su musu a kai shi ne, dogayen tarukan addu'a na dare da manyan gangamin warkarwa da ake gani yau daga Legas har Kano, sawunsu na komawa Oke-Oye ta 1930.