NANA ASMA'U ƳAR SHEHU DA ƘUNGIYAR ƳAN TARU

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ɗaukaka ma'abota ilmi, ya yi alkawarin lada ga masu ciyarwa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan uwa Musulmi, a wannan fitowa mun kawo muku tarihin Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙan su. Wannan gida ba baƙo ba ne gare mu mutanen Urno da Madawa da Buza da Keita. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu a shekarar 1754, kuma a ƙasar Madawa malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya ƙare rayuwarsa.

An haifi Asma'u a Dagel a shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan uwanta Hasan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta. Ta tashi a gidan da mata ke karatu kamar yadda maza ke yi, ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da tasawwufi bisa ɗariƙar Ƙadiriyya, ta kuma iya rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa.

Tana da shekara kamar 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta ga yaƙi da yunwa da ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, ta ga matan da aka kashe wa mazaje da marayun da ba mai kula da su. Daga baya aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello kuma wazirinsa. Bayan rasuwar Shehu a 1817, ita da mijinta suka duƙufa wajen tattara rubuce-rubucensa da adana su. Bello kuwa ya riƙa shawara da ita har ya rasu a 1837 a ribaɗinsa na Wurno, wadda ke ƙasar Sakkwato. Kada a rikita ta da Urno tamu.

Abin da ya fi damun Asma'u shi ne halin matan karkara. Yaƙe-yaƙe sun tara mata da yawa a ƙauyuka, wasu zawarawa, wasu kamammu, mafi yawansu ba su san farillan alwala ba balle hukuncin haila da biƙi. Idan ciwo ko baƙin ciki ya same su, wurin masu bori suke nufa, domin nan kaɗai ake sauraron kukansu. Ta lura cewa hani shi kaɗai ba ya raba mutum da abin da ya saba, sai an ba shi abin da ya fi shi. Ta kuma san matar aure mai goyo ba ta iya barin ɗakinta ta tafi birni neman karatu. Saboda haka tun cikin shekarun 1830 ta shirya wani tsari wanda aka sani da suna ƴan Taru, wato masu taruwa don neman ilmi da zumunci saboda Allah.

Ga yadda tsarin yake. A kowane gari sai a zaɓi dattijiya mai hankali da amana, a kira ta jaji. Asma'u da kanta take naɗa ta, ta aza mata malfa, ta ɗaura jan ƙyalle a kai. Irin wannan malfa sananniya ce ga matan ƙasar, don Inna ta Gobir, shugabar masu bori, tana sanya irinta. Sai Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka girmama, ta mayar da ita alamar malanta. Idan an gama aikin gona, jaji takan jagoranci tsofaffin mata da ƴan mata waɗanda ba su yi aure ba, su taka da ƙafa zuwa wurinta. Can za su koyi karatu, su haddace waƙoƙinta, su komo gida su shiga ɗaki ɗaki suna koya wa matan aure.

Da waƙa ta fi koyarwa, domin waƙa tana zama a ka, mace na iya rera ta tana daka ko tana kaɗi. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani cikin waƙa guda. Ta yi wata a kan salihan mata tun daga iyalan Annabi har zuwa na zamaninta, don mata su san suna da magabata abin koyi. Ta mayar da waƙar mahaifinta zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗi ga masu mulki da talakawa baki ɗaya. Rubuce-rubucenta da suka iso gare mu sun kai kimanin 60.

Amma ƴan Taru ba su tsaya ga karatu kawai ba. Idan za su zo, sukan ɗauko abin da Allah ya hore musu, hatsi ko zuma ko man shanu ko zare. Asma'u ba ta tara waɗannan kaya don kanta. Rabar da su take yi ga marasa lafiya da naƙasassu da mabuƙata. Can cikin garuruwansu kuwa, an san su da gaida majinyata, da taimakon masu haihuwa, da wankan gawar mata bisa sunna, da sharar masallaci, da sasanta masu husuma. Ladubbansu su ne haƙuri da gaskiya da kunya da riƙon amana. Ta girmama su ƙwarai, har lokacin da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, ta yi mata waƙar makoki kamar yadda ta yi wa Bello da mijinta Giɗaɗo.

Allah ya karɓi ranta a 1864, aka rufe ta a Hubbare cikin Sakkwato, kusa da mahaifinta. Aikin bai mutu da mutuwarta ba. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da shi, bayanta wasu matan gidan suka karɓa. Jikokinta wazirai suka adana takardunta har zuwa Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. A wannan shekara ce aka buga tarin ayyukanta a Amurka tare da fassarar Turanci.

To, ya ƴan uwa, mu dubi kanmu. Akwai garuruwa cikin namu da idan mace ta rasu sai an yi ta neman wadda ta san wanka. Akwai gidajen da maigida ke sahun farko a masallaci, matarsa ba ta gyara Fatiha ba. Akwai zawarawan da damina ke wucewa ba wanda ya leƙa rumbunsu. Asma'u ba ta jira gini ko taimakon waje ba. Da dattijiya guda mai amana ta fara a kowane gari. Muna kira ga limamai da masu gari su nemo irin wannan dattijiya, su girmama ta, su ba ta lokaci da wuri. Magidanta su bar iyalansu su je ɗaukar karatu. Idan kaka ta yi, bayan an fitar da zakka, kowane gida ya ware abin da ya sawwaƙa, a damƙa a hannun waɗannan mata, domin sun fi mu sanin ɗakin da ba a ɗora tukunya ba.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da iyayenta da jajojinta, ya haskaka makwancinsu, ya ba mu ikon koyi da su. Amin.