Hajiya Gambo Sawaba

An haifi Hajaratu a shekarar 1933. Mahaifinta mutumin Gana ne, ma'aikacin jirgin ƙasa. Mahaifiyarta kuwa Banufiya ce. Ana ce mata Gambo domin ita ta biyo tagwaye. A Zariya ta girma. Iyayenta sun rasu tana ƙarama, ta bar makaranta, aka yi mata aure tana da shekara 13.

Tana da shekara 17 ta shiga jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano. A lokacin nan matan arewacin Nijeriya ba su da izinin jefa ƙuri'a. Gambo ta riƙa shiga gida-gida tana wayar wa mata da kai. Ta yaƙi auren wuri da aikin tilas, ta nemi a sa ƴan mata makaranta.

Ta sha duka, an ɗaure ta har sau 16, amma ba ta ja da baya ba. A 1976 doka ta ba matan arewa damar yin zaɓe.

Ta rasu a 2001. An sa wa wani babban asibiti na Zariya sunanta.

Tambayoyi
1. Don me ake ce mata Gambo?
2. Me ta nema wa mata?